Filin da Oga Sande Ya Bar Min a Ƙasan Katako

Assalamu alaikum Admin, da sauran 'yan'uwa na wannan guruf. Don Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba, kodayake na san mutanen Bagudo da ke ciki kafin su kai rabi za su gane ni, to wanda ya gane ya rufa min asiri. Shawararku nake roƙo, don abin ya fi wata biyu yana cina, kuma lokacin da aka ɗibar min ya kusa cika. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ban daɗe da iya boko ba, kwana huɗu na yi ina haɗa wannan a waya.

Ni mai fenti ne, shekaruna hamsin da ɗaya. Na yi makarantar allo, amma ban yi boko ba ina yaro. Sana'ata zane a jikin motoci da shaguna, da labulen nan da ake ratayawa a bayan mutum a gidan hoto, mai bene da jirgin sama da furanni. In aiki yana da rubutu ba na karɓa, sai mai shi ya nemi wani. Ta hanyar labulen nan na san wani mai hoto, mutumin kudu ne, Kirista, zan kira shi Oga Sande. Tun yana saurayi ya zo Bagudo, a nan ya yi aure, a nan aka haifi ɗiyarsa Esta, maiɗakina ma ta sha goyonta. Hausa a bakinsa irin tamu ce ta nan, in yana bayan ƙyaure ba za ka ce baƙo ne ba. Shi yana ce min Malam, ni ina ce masa Oga, kuma duk cikinmu babu malamin babu ogan.

Yadda aikinmu ya fara, wata ranar kasuwar Lolo na raka shi bakin gulbi ya ɗauki hoton wani kwalekwale da ya taso daga tsallake cike da buhunan shinkafa. Da ya wanko hoton na yi masa tsiya, na ce ya yanke wa jirgin mutane hanci, kuma ina matar da ke tsaye a ruwa da ƙwarya a ka, ina shanun da ke shan ruwa ta hagu, duk kyamararsa ta bar su a can. Ya ce tunda idona ya fi kyamararsa faɗi sai in saka su da kaina. Da wasa ya faɗa. Ni kuma na ɗauki wani guntun katakon filawud da ke yashe a rumfata, na manna hoton da gam a tsakiya, na ci gaba da zanen daga inda hoton ya ƙare, na ja hancin jirgin, na sa matar da ƙwaryarta, na sa shanun. Kwana uku ina fama da launin ruwa kaɗai, don ruwan hoto ba shuɗi ba ne, ba kuma ruwan ƙasa ba ne, wani abu ne a tsakani. Kullum ya leƙo sai ya ce ruwana ya fi nasa tsabta, in ƙara masa datti. Ranar da launin ya dace, ya tsaya daga nesa yana neman inda hotonsa ya ƙare fentina ya fara, bai samu ba sai da ya matso ya shafa da yatsa.

Daga nan abin ya zama namu. Shekara goma sha huɗu muna yi. Mu hau mashin ɗinsa mu tafi Lolo, ko Zagga lokacin yankan shinkafa, ko Sharabi in ana sussuka. Shi ya sa ido a kyamara, ni in tsaya a bayansa ina kallon hagu da dama, sama da ƙasa, duk abin da na san ba zai shiga ba. Da yake ba na rubutu, guntun kwali nake riƙewa, in ɗiga launin rigar wance, launin bangon can, sauran kuma in riƙe a ka. In mun dawo shi ke manna hoton a katako, kuma bai taɓa gaya min da baki ga abin da yake so ba. Inda ya bar fili mai yawa, nan ne yake so in yi magana. In ya manna hoton ta dama, na san abin da ke hagu ne ya tsaya masa a rai. Ni ma ban taɓa tambaya ba, ina ganin katakon na gane.

Muna da doka guda ɗaya. Da farko-farko na taɓa ƙara wata giginya a bakin ruwa don wurin ya yi kyau, sai wani masunci daga Lolo ya shigo studiyon Oga Sande, wato gidan hotonsa, ya gani, ya yi ta dariya, ya ce shekara arba'in yana ɗaure jirgi a wurin nan, yaushe giginya ta fito bai sani ba. Na ji kunya ƙwarai. Tun ranar muka yi alkawari, ba zan zana abin da idona bai gani ba a ranar da aka ɗauki hoton, kuma abin da na gani ba zan ɓoye shi ba, ko juji ne, ko mataccen kare. Kowa a gidajenmu biyu ya san wannan dokar, har yara suna tsokanata da ita in na ba da labari, su ce Baba ka gani da idonka ko giginya ce.

Shekara biyu da suka wuce wani mai otal a tsallaken Benin ya ɗauki guda biyar cikin aikinmu ya rataya a falon otal ɗinsa. Ƙanin maiɗakina, Basiru, yana fataucin albasa zuwa can, shi ya gani, ya ɗauko a waya ya kawo min. A ƙarƙashin kowane katako an manna wata 'yar takarda. Basiru ya karanta min, sunan Oga Sande ne kaɗai. Ya ƙara da cewa ashe duk shekarun nan ɗan rakiya nake yi. Ban ce komai ba. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni ma da haka na ɗauki kaina, amma yanzu na gane wani shirun ba haƙuri ba ne, ajiya ce. Sati biyu ban taka studiyo ba. Shi ya biyo ni rumfata da sabon katako a hammata, yana tambaya ko lafiya. Na gaya masa abin da na ji. Ya ce takardar ba shi ya rubuta ba, mai otal ne ya yi abinsa, shi bai ma taɓa zuwa wurin ba. Sai ya juya katakon da ke hannunsa ya nuna min wani rubutu a baya.

Ya ce, "Malam, ga sunanka nan, shi ne ma a gaba. Duk katakon da muka taɓa yi haka bayansa yake."

Ni kuma na ce, "Ni na san abin da ka rubuta? Ko sunan akuyarka ka sa, na gode zan ce."

Har yau ina ganin fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "To je ka koyi karatu, ka zo ka karanta da kanka. Ina nan." Ya mayar da katakonsa hammata ya tafi.

Na san za ku ce me ya hana in sa wani ya karanta min. Maiɗakina ta faɗa tun a daren farko har ta gaji. Katakon kwalekwalen nan na farko yana rataye a ɗakina, Oga Sande ya taɓa karɓa ya yi rubutu a bayansa ya dawo min da shi, ta ce in sauke shi ko ɗan firamare ne ya duba min a huta. Na ƙi. Na rantse babu wanda zai sake karanta min komai a duniya, tunda karatun wani ne ya kawo ni nan. Na je na ba da sunana a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare ta unguwarmu. Gaskiya ba son ilimi ya kai ni ba, so nake in kama shi da ƙarya da idona. A tsakanin nan in mun haɗu a hanya mu gaisa sama-sama, daga baya na koma canza hanya. Matanmu ne suka riƙe zumuncin, shinkafar Kirsimeti ta zo kamar kullum, naman layya ya tafi kamar kullum. Esta tana makarantar koyon aikin jinya a wani gari, da ta tambaya, cewa ya yi Malam ya shiga makaranta ne, ba shi da lokaci. Bai taɓa gaya wa iyalinsa abin da na faɗa masa ba.

Na yi kamar wata takwas a ajin sai na ji hawan jini ya kayar da shi, gefe ɗaya ya taɓu. Maiɗakina ta je dubiya sau uku. Ni na ce wa kaina zan je, amma sai na iya karanta bayan katakon, don in shiga da abin faɗa, ko in ba shi haƙuri ko shi ya ba ni. A lokacin na san baƙaƙe, amma haɗa su yana ba ni wuya, balle rubutun hannu irin nasa mai sarƙe da juna.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maiɗakina da Basiru kwanan nan. Wata rana zafi ya yi yawa, malamarmu ta fito da mu ƙarƙashin dogon yaro, muna zaune a benci. Na ɗago kai sai na gan shi tsaye a bakin katangar makarantar, rana tana bayansa. Ya rame har wandonsa ya tattare a ƙugu. Yana dogare da sandar gora, hannun hagu a sake, kyamara a wuya, ƙafa ɗaya ta kumbura har bai ɗaure maɗaurin takalmin ba. Rigar shuɗiya ce mai gajeren hannu, wadda yake sawa in za mu Lolo. Idonmu ya haɗu, babu shakka a wannan. Ya ɗan ɗaga kyamarar sama, alamar da yake min kullum in zai ɗauka, wato Malam duba hagu da dama. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin littafi. Ba karatu nake ba, layi ɗaya na zuba wa ido. Ina ganin inuwarsa a ƙasa ta miƙo har kusa da bencinmu, ta daɗe a wurin, sannan ta janye a hankali. Ban ɗago ba sai da na tabbata ya sha kwana. Bayan kwana tara 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi gida kudu.

Wata uku da tafiyarsa na sauke katakon kwalekwalen na juya shi. Na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sunana ne, da sunan mahaifina, sannan nasa a ƙasa. Na je studiyo, wanda yake kula da wurin ya buɗe min, na juya duk waɗanda suka rage a bango, goma sha ɗaya, duk haka suke. Ya kamata in kira shi a ranar, lambar matarsa tana wayar maiɗakina. Amma sai na ce a'a, wasiƙa zan rubuta masa da hannuna, ya ga na cika abin da ya ce. Ina rubutawa ina yagewa, wai sai rubutun ya yi kyau. Wasiƙar tana rabi aka kira aka ce ya rasu.

Wata biyu da suka wuce Esta ta zo kwashe kayan studiyo. Ta shigo gidanmu ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta kwance wani abu da ta naɗo a zani. Katako ne, da hoto a manne. Ni ne a hoton, zaune a benci ƙarƙashin dogon yaro, kaina a cikin littafi. A can gefen ƙasa na hoton ana ganin kan inuwar mutum, hoton ya yanke ta daga wuya. Na juya bayan, sunayenmu biyu ne kamar kullum, nawa a gaba, sai dai rubutun yana rawa. Ta ce shi ne hoto na ƙarshe da ya ɗauka, da kansa ya manna shi da hannu ɗaya kafin a tafi da shi, ya ce a ajiye min.

Ta ce, "Baba, Dadi ya ce ranar nan kana ta karatu har ba ka gan shi ba. Ya ji daɗi sosai, ya ce bai so ya katse ka."

Tana faɗa tana murmushi tana share hawaye. Ta roƙe ni in ƙarasa aikin, za su yi addu'ar cika shekara a garinsu, mahaifiyarta tana so a rataya shi a falo. Har ta tuna min da dokarmu tana dariya, ta ce ban da giginya. Ta kuma ce abin da ya fi ba su wahala lokacin jana'iza shi ne neman hotonsa, mutumin da ya ɗauki rabin Bagudo ba shi da hoto mai kyau ko ɗaya, don ba ya yarda a ɗauke shi. Na ce mata to, zan yi. Ƙarshen watan gobe za ta dawo karɓa.

Sai da ta tafi na jingina katakon a bango na dube shi da idon aiki. Bai manna hoton a tsakiya ba. Can sama ya kai shi, ya bar ɗan fili hagu da dama, sannan ya bar fili a ƙasa wanda ya fi kamu ɗaya, daidai inda inuwar ta yanke. Shekara goma sha huɗu ina karanta wannan yaren nasa tun kafin in san baƙin boko ko ɗaya. Inda ya bar fili nan yake so in yi magana. Kuma babu komai a wurin nan ranar sai ƙasa da shi kansa.

Na gama sama da gefuna tun sati na biyu. Na ja rassan dogon yaron, na sa katangar aji da tagar da ta karye, na ƙarasa matan da hoton ya yanke su a kafaɗa, na sa keken malamarmu da akuyoyi biyu da ke cin takarda. Launin bai ba ni wahala ba ko kaɗan, kamar hannuna yana jira. Ƙasan ne na kasa. Kullum in na idar da sallar asuba sai in haɗa launin inuwar, in tsaya da burushi har ya bushe, in wanke. Domin in na ja inuwar nan dole ta kai ni ga ƙafafunsa, da takalmin da ba a ɗaure ba, da sandar gora, da rigar shuɗiya, filin kuma ya isa mutum a tsaye. Zan iya zana shi yadda ko makaho ya shafa zai ce Oga Sande ne, iyalinsa su samu hoton da suka rasa. Amma Esta ta san doka. Sandar nan a 'yan kwanakinsa na ƙarshe a Bagudo kaɗai ya riƙe ta, ita ta saya masa. Tana gani za ta san na gan shi, na ga halin da yake ciki, na sa kaina a littafi. Mahaifiyarta kuma za ta riƙa kallon wannan a falonta kullum.

Maiɗakina ta ce in zuba ƙasa da 'yar inuwa in rufe wurin, in bar marainiya da labarin da ubanta ya ba ta, tunda shi da kansa ya zaɓi ya rufa min asiri, ni wane ne da zan tone. Ta ce neman sauƙin zuciyata nake a kan zuciyar wasu. Maganarta ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Basiru kuwa, wanda yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ni sosai, cewa ya yi in kira Esta in gaya mata komai tun daga takardar otal, in ya so ta zaɓa da kanta. Ni kuma in na tuna yadda ta durƙusa ta ce min Baba, sai in ji bakina ba zai iya ba. Na taɓa tunanin in mayar mata da shi haka, ƙasan babu fenti, in ce hannuna ya gaza. Amma wannan ma sunkuyar da kai ne karo na biyu.

Masu shirin ce min zanen mutum bai halatta ba, na ji, na kuma sha ji, Allah ya yafe mana, amma ba ita ce tambayata ta yau ba. Masu cewa na yi wauta kuma ba sai kun wahalar da yatsunku ba, na riga ku sani.

Abin da nake so ku duba min shi ne wannan. Mutumin nan ya san na gan shi, idonmu ya haɗu. Ya je gida ya ce wa ɗiyarsa ban gan shi ba. Sannan ya zauna da hannu ɗaya ya manna hoton a sama ya bar min wurin tsayuwarsa. Saƙo biyu ya bari, ɗaya a bakin Esta, ɗaya a jikin katako, kuma ba su ce abu ɗaya ba. Don Allah iyaye da 'yan'uwa, musamman waɗanda suka rasa mahaifi, ku gaya min, in ku ne Esta, za ku fi son a bar ku da abin da ya faɗa muku, ko a ba ku fuskarsa tare da abin da ke biye da ita? Wanne zan bi a cikin biyun? Zan karanta duk abin da kuka rubuta, da kaina, ko zai ɗauke ni kwanaki. Allah ya saka da alheri.